Yadda Ake Binciken Tarihin Rukunin Gidaje a Katsina da Tattara Abin da Mazauna Suke Tunawa na Ƙuruciya

Duk wanda ya shiga tsofaffin unguwannin cikin birnin Katsina, irin su Gambarawa ko Masanawa ko Albaba ko Rafindadi, ya tambayi asalin wurin, da wuya ya rasa dattijon da zai zaunar da shi a zaure ya jero masa wanda ya fara kafa gidan, da wanda ya gaje shi, da dalilin da ya sa ake kiran wani lungu da sunan da ake kiransa. Rukunin gidajen gwamnati, waɗanda muke kira kwatas ko lokos, ba su da irin wannan gata. Mutanen da suka fara zama a cikinsu takarda ce ta kawo su, ba gado ba. Yawancinsu ma'aikata ne, ma'aikaci kuwa yau yana nan, gobe an yi masa canjin wurin aiki zuwa Funtuwa ko Dutsinma, jibi ya yi ritaya ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Saboda haka tarihin wurare irin su Shagari Lokos da Dutsen Safe da Barhim da Makera da gidajen hanyar Goruba yana warwatse ne a kawunan mutanen da yanzu suke zaune a garuruwa dabam-dabam, da cikin akwatunan iyayenmu, da cikin fayil-fayil ɗin ofisoshin da babu mai buɗe su.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje na tashi, kuma abin da ya sa na fara wannan aiki shi ne rasuwar tsohon mai gadinmu, wanda yake wurin tun ana haƙa harsashin ginin. Shekara da shekaru ina wuce shi ina gaishe shi, ina cewa wata rana zan zauna da shi, har aka kai shi makwancinsa ban zauna ba. Abin da ya sani game da gonakin da aka gina gidajen a kansu ya tafi da shi. Matakan da zan bayyana a nan su ne waɗanda na bi daga baya, tare da gyaran da kurakuraina suka koya mini.

Mataki na farko shi ne ka yanke wa aikin iyaka. Ka zaɓi rukuni guda ɗaya, in ma yana da girma ka ɗauki layi biyu ko uku, ka kuma tsayar da shekarun da za ka bincika, misali daga lokacin da aka karɓi filin zuwa lokacin da aka fara sayar wa mazauna gidajen. Ka sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ka rubuta tambayoyinka a shafin farko: mene ne a wurin kafin gini, wace gwamnati ce ta gina, su wa aka fara ba wa, yaushe ruwa da wuta da masallaci da makaranta suka zo, yaya yara suka yi rayuwarsu a ciki. Tambayoyi biyar ko shida sun isa, sauran za su taso da kansu.

Kafin ka saurari kowa, ka zauna kai kaɗai ka rubuta abin da kake tunawa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin da zarar ka ji labarin mutum uku, nasu zai cuɗanya da naka har ka kasa bambance abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka. Ka ɗauki farar takarda ka zana unguwar kamar yadda take lokacin da kake aji uku na firamare: layuka, lambar kowane gida, sunan da ake kiran gidan da shi, inda famfo yake, inda taransifoma take, filin ƙwallo, bishiyoyi, teburin mai shayi, gidan da ake sayar da awara ko ƙanƙara. Kada ka damu da kyan zanen. Wannan taswira ita ce za ka riƙa shimfiɗa wa mutane daga baya, kuma za ka ga yadda mutumin da ya ce ba ya tuna komai zai kai yatsa ya ce, a'a, nan ba gidan wane ba ne, gidan wane ne, daga nan kuma bakinsa ya buɗe.

Daga nan sai takardun gidanku. Ka nemi iznin mahaifinka ko mahaifiyarka a buɗe tsohuwar jaka ko akwatin da ake ajiyar takardu. Abin da ake nema shi ne takardar rabon gida, da rasit na haya ko takardar albashi mai nuna kuɗin da ake cira na gida, da takardar shaidar mallaka idan an sayi gidan, da bil ɗin wuta da na ruwa, da katin awo da takardun haihuwa, da sakamakon jarrabawar makaranta, da katunan gayyatar aure masu ɗauke da adireshi, har da ambulan ɗin tsofaffin wasiƙu masu hatimin gidan waya. Ko bil ɗin da kwanan watansa ya goge yana da amfani, domin sunan da ke samansa yana nuna zamaninsa: NEPA ta fara a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 rabon wutar Katsina da Kano da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Haka nan rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya girmi watan Janairu na 1973, lokacin da naira da kwabo suka fara aiki. Ka ɗauki hoton kowace takarda, gaba da baya, ka mayar da ita inda ka same ta a ranar.

Mataki na gaba shi ne neman izini, kuma ban yarda a tsallake shi ba. A halin tsaron da muke ciki, mutumin da aka ga yana zagaya unguwa yana ɗaukar hoton gidaje yana tambayar wanda ke zaune a ina, dole a zarge shi, kuma masu zargin suna da gaskiya. Ka je wurin mai unguwa da kanka, ka tafi da wani babba da aka sani a wurin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, ranka ya daɗe, ni ɗan gidan wane ne, gida mai lamba kaza, ina so in rubuta tarihin unguwarmu ne saboda 'yan baya. Ka sanar da limamin masallacin unguwa da shugaban ƙungiyar mazauna da shugaban 'yan sintiri. Ka kuma tabbatar da ƙasar da rukunin yake ciki, domin garin Katsina ya faɗaɗa har wasu gidajen bayan gari sun faɗa cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, wanda ke nufin dagacinsu da hakiminsu ba na cikin birni ba ne. Mai unguwa kan zama mabuɗin aikin gaba ɗaya, shi zai gaya maka wanda ya fi kowa daɗewa da wanda ya tashi amma yana da rai a wani gari.

Bayan an san da kai, ka zagaya rukunin da ƙafa, da safe kafin rana ta yi zafi, taswirarka a hannu. Gini yana ba da labari ga wanda ya san abin da zai duba. Ka nemo gidan da ba a taɓa shi ba, wanda har yanzu yake da asalin kwanonsa da tagoginsa da ƙofarsa, domin shi ne ma'aunin da za ka gane abin da aka ƙara a sauran: katanga, da ɗakin samari a waje, da shago a jikin bango, da garejin da aka mayar falo. Ka duba ko akwai allon dutse ko na ƙarfe da aka kafa ranar buɗe wurin, ka duba murfin kwalbati da jikin tankin ruwa da ƙasan turakun wuta da siminti a bakin masallaci, domin magina kan rubuta shekara da ƙusa tun siminti yana ɗanye. Ka lura da bishiyoyi. Dogon yaro da aka jera a layi shuka ne na bayan gini, amma tsohuwar kuka ko tsamiya ko goruba ko gawo a tsakiyar gidaje ta girmi rukunin, kuma galibi tana nuna inda gona ko iyakar gona take. Idan kana da kwamfuta, manhajar Google Earth tana da wurin duba tsofaffin hotunan sama, inda za ka ja shekara baya ka ga lokacin da wani fili yake fili da lokacin da gini ya cinye shi. Hotunan da suka fito sosai na shekarun baya-bayan nan ne, don haka za su taimaka maka wajen ganin faɗaɗar unguwa fiye da kafuwarta.

Yanzu sai hira, wadda ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Ka fara da waɗanda suka fi tsufa da waɗanda ba su da lafiya, ko da ba ka gama shiri ba. Ka jera mutanenka kashi-kashi: waɗanda aka fara ba gidajen, da matansu, da yaran da suka tashi a wurin, da masu hidimar unguwa irin su mai gadi da 'yan garuwa da malamin allo da mai wanki da mai kanti, sai kuma mutanen ƙauyen ko unguwar da ke maƙwabtaka, waɗanda gonakin iyayensu ne aka karɓa. Wannan kashi na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali su kaɗai suka san sunan wurin na asali, da abin da ake nomawa, da inda rijiya ko tafki ko burtali yake, da yadda aka yi maganar diyya. Ka saurare su da natsuwa ko da maganarsu ta zo da ɗaci, domin ranar da wasu suka yi murnar samun makulli ita ce ranar da wasu suka tabbatar gonarsu ta tafi.

Game da mata, a ganina su ne suka fi kowa sanin kwatas. Maigida yana fita ofis da safe ya dawo da la'asar, amma uwargida tana nan yini guda, ta san ranar da famfo ya daina zuwa, da gidan da aka fara sayen firji, da wadda ta kafa adashen farko, da yaron da ya faɗa rami, da amaryar da aka kawo daga Daura ba ta san kowa ba maƙwabta suka riƙe ta. Idan kai namiji ne, ka nemi iznin maigida, ka shiga tare da 'yar'uwarka ko matarka, ko ma ka koya mata aikin ta yi hirar ita kaɗai, domin akwai abin da Hajiya za ta gaya wa mace ba za ta gaya maka ba.

Ka sa lokaci tun da wuri, bayan la'asar ko da hantsi, ka guji lokacin girki da lokacin salla. Ka tafi da ɗan abin hannu, goro ko dabino ko turare ko sabulu, wannan ladabi ne ba sayen labari ba. Kafin ka kunna rikoda ka faɗi abin da za ka yi da maganar, ka tambaya ko an yarda a naɗa, ko an yarda a ambaci suna, ka kuma sa amsar ta shiga cikin naɗin. Ka rufe layin wayar don kada kira ya katse ka, ka ɗora ta a kan matashi kusa da mai magana, ka roƙi a kashe fanka da rediyo. A farkon naɗin ka faɗi kwanan wata da wuri da wanda kake tare da shi. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya ishi dattijo, gara ka dawo sau uku da ka gajiyar da shi a zama ɗaya.

Yadda ake tambaya shi ne inda masu farawa suke tuntuɓe. Kada ka ce, Baba, ba ni tarihin unguwar nan, domin zai ba ka jawabi irin na taro. Ka tambayi ƙaramin abu da zai iya gani a zuciyarsa: Baba, ranar da kuka tare, wace mota ce ta kawo kayanku, wa kuka tarar a layin, me kuka ci a daren farko. Kada ka sa masa amsa a baki, kada ka gyara shi ko da ka san ya yi kuskure, kuma idan ya yi shiru ka ƙyale shi, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne mafi daraja a hirar.

Babbar matsala ita ce shekara. Mutanenmu ba su cika riƙe lamba ba, amma suna riƙe abin da ya faru. Na taɓa tambayar wata dattijuwa shekarar da suka tare, ta ce, ɗan nan, ina zan riƙe wannan. Da na ce mata, Inna, wa kike goyo a lokacin, nan take ta faɗi sunan 'yarta, ta ƙara da cewa ba su daɗe da tarewa ba aka canza kuɗi, maigidanta ya kwana biyu yana bin layin banki. Canjin kuɗin zamanin Buhari da Idiagbon a watan Afrilu na 1984 aka yi shi, da muka ɗauko takardar haihuwar 'yar sai lissafin ya zauna daidai. Saboda haka ka rubuta wa kanka jerin abubuwan da kowa ya sani a bayan littafinka, ka riƙa auna labari da su: komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, mulkin Shagari daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, rasuwar Sarki Usman Nagogo da hawan Sarki Muhammadu Kabir Usman a 1981, ƙirƙiro jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, ƙidayar 1991, zaman Umaru Musa 'Yar'aduwa gwamna daga 1999 zuwa 2007, shigowar wayar salula a 2001, husufin rana na watan Maris 2006, da hawan Sarki Abdulmumini Kabir Usman a 2008. Tambayar da ke aiki ita ce, wannan kafin a ba mu jiha ne ko bayan an ba mu.

Labarin ƙuruciya kuwa hanyarsa dabam ce, ya fi fitowa idan an taru. Ka haɗa mutum huɗu ko biyar da suka tashi tare, lokacin hutun salla ya fi dacewa tun da na nesa suna gida, ka shimfiɗa taswira a tsakiya. Ɗaya zai tuno ɗaya. Ka tambaye su wuraren da yara suka raɗa wa suna waɗanda manya ba su sani ba, da inda aka hana su zuwa da dalilin hanin, da wasannin kowane lokaci: langa da ɓuya da ƙwallon tsumma da motar gwangwani da harbin tsuntsu da danƙo a wajen maza, gaɗa da carafke da 'yar gala-gala da 'yar tsana a wajen mata, sai tashe idan azumi ya kai goma. Idan suka ambaci waƙar wasa, ka roƙe su su rera ta ka naɗa, domin kalmominta kan bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Ka tambayi gidan da aka fara kallon talabijin da yadda ake cika tagarsa, da wanda yake kai su kallon hawan salla a Ƙofar Soro da yadda suke dawowa, da hanyar da suke bi zuwa makarantar boko da ta allo.

A irin wannan zama ne na gane amfanin tambayar ƙamshi da sauti. Da na ce me kuke ji da asuba, sai wani ya tuno ƙarar bokitai a bakin famfo tun kafin kiran salla, yadda ake jera su a layi a ɗora dutse a cikin kowanne don kada iska ta ɗauke, da yadda famfon kan yi tari sau biyu kafin ruwa ya zo. Wani ya tuno gorubar da ke bayan gida na ƙarshe, wadda muke jifa har hannu ya gaji, mu zauna a gindinta muna gwaguya har dasashi ya yi ja. Babu takardar ofis da za ta ba ka wannan. Amma kada ka bari daɗin tunawa ya rufe sauran gaskiya. Ka tambayi abin da ba shi da daɗi ma: wahalar ruwa, da faɗan 'yan kwatas da yaran unguwannin kewaye, da bambancin da ake ji tsakanin gidajen manyan ma'aikata da na ƙanana, da halin da iyali kan shiga idan maigida ya rasu aka ce su tashi. Ka kuma nemi maƙwabtan da ba Hausawa ba, Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Kaduna da suka zauna tare da mu, domin kwatas na daga cikin wuraren da yara suka tashi da harsuna da addinai dabam-dabam a layi ɗaya, kuma tarihin da ya bar su waje bai cika ba. Waɗanda suka yi nisa ana samunsu ta zaurukan WhatsApp da Facebook na tsofaffin ɗalibai, kuma saƙon murya ya fi rubutu fito da labari.

A daren da ka yi hira, ka kwafe naɗin zuwa wuri biyu, ka sa masa suna da kwanan wata da lambar gida, ka kuma fara rubuta shi da kalmomin mai maganar, da karin harshensa na Katsinanci yadda ya faɗa. Awa ɗaya ta magana tana cin awoyi da yawa wajen rubutawa, kuma wanda ya bari suka taru ba ya komawa kansu.

Sai neman takardun hukuma. Abu na farko da za ka tantance shi ne wanda ya gina rukunin da zamanin da aka gina shi, domin shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Idan na gwamnatin jiha ne kuma bayan 1987 aka yi shi, ka nufi Hukumar Gidaje ta Jihar Katsina, da ma'aikatar da ke kula da filaye da safiyo, da hukumar tsara birane, inda ake ajiye taswirar yanka fulotai da jerin rabon gidaje. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, don haka maganar karɓar fili da biyan diyya tana da fayil a ɓangaren filaye. Idan na tarayya ne, kamar gidajen shirin Shagari, ka tambayi ofishin ma'aikatar gidaje ta tarayya da ke jihar. Abin da aka gina kafin 1987 kuwa, ka tuna a lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna ne, saboda haka wasu takardun can suke. Na zamanin Turawa, kamar gidajen Bariki, sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayil-fayil ɗin lardin Katsina suke ƙarƙashin alamar KATPROF. Ko'ina za ka je, ka rubuta takardar neman izini ga shugaban wurin, ka tafi da katin shaida, ka bayyana cewa tarihi kake nema ba rikicin fili ba. Ka yi haƙuri da jeka-ka-dawo, ka kuma girmama ma'aikatan rajista, domin tsohon akawu ko masinja da ya daɗe a wurin yakan san inda fayil yake fiye da kowa.

Jaridu suna cike giɓi mai yawa, musamman ranar aza harsashi da ranar buɗewa da tallar neman 'yan kwangila. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, New Nigerian kuma a 1966, kuma ana samun tsofaffin kwafensu a Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kada ka je sai hirarrakinka sun rage maka shekarun zuwa ɗaya ko biyu, in ba haka ba za ka yi mako kana juya shafi. A nan gida, ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, da sassan tarihi da labarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, inda kundayen ɗalibai kan ƙunshi bincike a kan unguwanni da faɗaɗar gari. Gidan rediyo da gidan talabijin na jiha ma sun cancanci a tambaye su ko suna da tsofaffin kaset na bikin buɗewa.

Hotunan iyali kuwa ka duba bayan mutanen da ke ciki fiye da mutanen: tsawon bishiya, da katangar da ba a riga an yi ba, da lambar mota, da fili a inda yanzu gini yake. Ka juya bayan hoton, wani lokaci akwai hatimin mai hoto ko rubutun kwanan wata. Ka ɗauke shi da waya a inuwa mai haske, a gaban mai shi, kada ka tafi da shi gida, kada kuma ka ba da shawarar a liƙe shi cikin roba da zafi, domin hakan yana lalata shi kuma ba a iya cirewa.

Idan kaya sun taru, sai tantancewa. Ka ja jadawali na shekaru, kowane abu ka rubuta a gefensa inda ka samo shi. Ka ɗauki magana a matsayin tabbatacciya idan mutum biyu da ba su ji daga juna ba sun faɗe ta, ko kuma mutum ɗaya da takarda. Inda aka saɓa, ka kawo duka biyun ka faɗi wanda ka fi karkata gare shi da dalilinka. Takarda ma tana kuskure: ranar da gwamnati ta buɗe rukuni ba lallai ta zama ranar da mutane suka tare ba, kuma sunan da ke jerin rabo ba lallai ya zama wanda ya zauna a gidan ba, tun da wasu sun ba 'yan'uwa wasu sun sa haya. A maganar kwanan wata takarda ta fi ƙarfi, a maganar yadda aka rayu kuwa bakin mazauna ya fi.

Akwai abin da za ka ji wanda amana ce. Rikicin aure, da bashi, da shari'ar gado ko ta mallakar gida, da laifin da wani ya yi yana yaro alhali yanzu magidanci ne, duk waɗannan ba na bugawa ba ne. Kada ka wallafa lambar takardar mallakar kowa, ko hoton da ke nuna gidan wane da yadda ake shigarsa, ko hoton matan aure ba da yardarsu da ta mazajensu ba. Wanda ya nemi a sakaya sunansa ka sakaya, ka ce wata dattijuwa a layi na biyu.

Wajen rubutawa, ka bi zamani: wurin kafin gini, ginin, tarewa, rayuwar yau da kullum, ƙuruciya, sannan canjin da ya biyo baya. Ka bar mutane su yi magana da bakinsu a cikin rubutun, ka sa taswirarka ta farko kusa da wadda aka gyara. Kafin ka fitar da komai, ka koma wurin kowane wanda ka yi hira da shi ka karanta masa ɓangarensa, domin a nan ake kama kuskuren suna da na dangantaka, kuma sau da yawa a nan ne zai ce, af, na manta ban gaya maka ba, ya ƙara maka abin da ya fi na farko. Bayan gyara, ka buga kwafe kaɗan ka kai wa mai unguwa da liman da makarantar unguwa da Hukumar Tarihi da Al'adu, ka tura wa waɗanda suke nesa ta waya. Kowane iyali kuma ka ba su naɗin muryar dattijonsu a katin waya ko filashi, ka rubuta sunansa da ranar hirar a jikin ambulan ɗin.